Kafson da Yaya Rabi Ke Aikowa

Al Ras, Dubai

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Ban so ki ji a bakin 'yan kasuwa ba. Ƙaninki, Baban Hafsa, yau kwanansa tara a asibiti. Ƙusa ce ta soke shi a shago, wurin ya ruɓe, cutar ta shiga jini. Zazzaɓin ya sauka, amma kan ne, Yaya. Jiya da sunan marigayiya Inna ya kira ni. Tsoro nake ji wallahi.

Matar ƙaninki,
Mahfuza

Kano

Mahfuza,

Wa'alaikumus salam. Ke dai akwai ki da firgita! Ina ruwan ƙusa da kai? Iska ce, kun je kun tare a bakin ruwa. Na ba Alhaji Badaru da zai zo Dubai rubutu ya kawo miki, da kafso ja-da-yalo kwali biyu kamar kullum. Shekara takwas ina aiko masa, ko mura ce ya haɗiyi biyu ya miƙe. Ki ɗura masa a ɓoye. Allah ya ba shi lafiya.

Yayarku,
Rabi

Al Ras

Yaya,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso. Ban ba shi ba, likita na nuna wa. Ta zaunar da ni ta ce a hanjin kowa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare bangon hanji, kuma kafson da ake sha ba dalili yana karkashe su. Da cutar ta zo, sai ta tarar ba masu gadi. Hanjin ya riƙa yoyo cikin jini, dafin ya kai ƙwaƙwalwa, ta kumbura. Ba ta ce kafson kaɗai ne sanadi ba. Da na tambaye ta ko hankalinsa zai dawo, sai ta ce "shwayya shwayya", wato sannu a hankali, idonta a kan takarda.

Ba laifi nake ɗora miki ba. Ni ke miƙa masa da shayi.

Ki huta lafiya,
Mahfuza

Kano

Mahfuza,

Ina gaisuwa. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Ni na goye shi, gata nake zaton ina yi masa. Don Allah, in ya ɗan dawo hayyacinsa, ki ce masa Rabi na roƙon ya yafe mata.

Rabi

Al Ras

Yaya,

Ina gaishe ki. Yau ya tashi zaune, har ya sha kunu. Na faɗa masa saƙonki sau biyu. Ya yi murmushi, ya ce ya yafe. Sannan ya tambaye ni wace ce Rabi.

Allah ya ba mu haƙuri.
Mahfuza