Dawar da Ta Shiga Waya

Zuwa ga maigidana Malam Salih, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin tashar jiragen ruwa, ya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan ƙauye, hillarmu, lafiya lau. Na ba Osman direba takardar nan da ƙullin garin kuɓewa, kada ya ce maka ya manta.

Ka san rubutu ba ya cikin abin da nake so, amma maganar ba ta shagon shabaka ba ce, wurin sayar da intanet, inda mace ke waya da mijinta rabin kasuwa na saurare. An buɗe matmura kamar yadda ka ce. Ramin nan da muka binne dawarmu tun kakar bara, ɗanka Ayman ya sa an haƙe, aka kai kasuwar Suki aka sayar. Ko ƙwaro ɗaya babu a ciki. Kuɗin ban gan su ba, ya ce sun shiga waya sun zama kirifto. Na ce ya nuna mini, sai ya nuna mini wani zane mai ja da kore yana hawa yana sauka. Na tambaye shi a wace tukunya ake tuƙa wannan, ya yi ta dariya.

Hujjarka na ji ta. Jine, kuɗin ƙasar nan, kullum narkewa yake, masu bindiga sun kwashe hatsin ƙauyukan ƙetare, abin da ke cikin waya kuwa ba ya hawa lori. Ban musa ba. Abin da ya dame ni shi ne gardamarka da Malam Abdussalami a gurub ɗin hilla na waya. Shi ya ce caca ce, kuma hukuma ba za ta bari ba. Kai kana can kana jero masa saƙon murya kamar mai huɗuba. Har mata a bakin ruwa kunna muryarka suke yi suna wanki. Ku biyun nan ko kan ganin watan azumi ba ku taɓa shiryawa ba, yanzu kun samu fili. Don Allah ka rage.

Ka gaida abokan ɗakinka.
Matarka, Ruƙaya.

*

Zuwa ga maigida.

Sallama da gaisuwa. Ina fata jikin da sauƙi. Sabulun ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Da farashin kirifton nan ya faɗi Malam Abdussalami ya yi maka dariya a gurub, me ya hana ka haɗiye? A'a, sai da ka sa Ayman ya turo maka hoton abin da ke cikin wayar, ka manna shi kowa ya gani, da sunan yaron a sama. Har da cewa dukiyar gidanka kaf tana aljihun ɗanka, wanda ya isa ya zo ya ɗauka. Malam, gurub ɗin nan ya daɗe da daina zama na hillarmu. Kowa ya saka ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya saka abokinsa, akwai lambobin da ko mai unguwa bai san masu su ba.

Yanzu kuma wata takarda ke yawo, wai an hana cinikin kuɗi ta waya in babu lasisi, wanda aka kama zai yi bayani. Wasu sun ce ta gaske ce, wasu sun ce wani ya zauna ya haɗa ta. Kan wannan ma an raba gari biyu. Na ce wa Ayman ya sayar ko da asara ne mu sayi dawa mu mayar rami, ya ce kai ka ce a yi haƙuri zai tashi. Yaron da ke cinye kwanon kisra, wainar dawa, shi kaɗai, yanzu sai ya tsakura ya tashi, idonsa na kan zanen nan.

Ranar kasuwa wani baƙo ya zauna wajen mai shayi, ya biya wa kowa, sannan ya tambaya wane ne Ayman ɗan Salih. Aka nuna masa. Ya dai dube shi ya hau babur ya tafi. Maƙwabcinmu Alamin ne ya gaya mini, yana ganin kamar abin alfahari ne. Ni ban ga alfahari a ciki ba.

Allah ya tsare.
Ruƙaya.

*

Malam,

Sallama. Ina fata takardar nan ta same ka a zaune. Na ce wa Osman ya ba ka hannu da hannu, in bai gan ka ba ya ƙone ta.

Ka ji a gurub wai Ayman ya tafi Sinnar wani aiki. Ni na faɗi haka, kuma ƙarya ce. Bayan azahar yana dawowa daga shagon shabaka wata mota marar lamba ta tsaya a ƙofar gidanmu. Mutum uku ne, kayansu ba na soja ba, ba kuma na gida ba. Suka ce bincike ne kan masu ciniki ba lasisi. Na karɓe wayar daga hannun Ayman na miƙa musu, na ce su tafi da ita har abada, mun yafe. Babbansu ya latsa, ya girgiza kai, ya ce da ni cikin ladabi: “Hajiya, ba ta buɗuwa sai da yatsansa.” Suka sa shi a baya. Kafin su tashi ya ce in na kai magana ko'ina, ni na sani. Har yau ban san ko hukuma ce ko ɓarayi ba.

Ka ga saƙonnin da ke fitowa daga lambarsa. Wai ya samu hanyar yi wa mutane rajista kafin dokar ta fara aiki, duk mai kirifto ya turo sunansa da unguwarsa da abin da yake da shi. Ba shi ke rubutawa ba. Da farashin ya sake tashi kuma, mutane sai tururuwa suke. Na ga ana ta yi maka barka, har Malam Abdussalami ya ce ka fi shi gaskiya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na san halinka, kana gama karantawa za ka ɗauki waya ka faɗa wa duniya. Kada ka yi. Duk safiya nakan je shagon shabaka in biya in zauna, in na ga sabon saƙo daga lambarsa sai in san yatsan nan yana motsi, ɗana yana numfashi. Ranar da mutane suka gane suka daina turo suna, ba shi da sauran amfani a wurinsu.

Jiya Alamin ya tura nasa sunan, da kwatancen gidansa. Matarsa Khadijat ta shigo aron turmi da jaririnta a baya, tana murna za su samu lasisi kafin kowa. Na buɗe baki, Allah shi ne shaida na buɗe, sannan na ɗauko mata turmin. Tsoro nake ji, kuma kunyar kaina nake ji, amma gobe ma in ta shigo haka zan yi.

Shekara da shekaru ina roƙonka ka rage magana don kada a yi mana dariya. Yau don ran Ayman nake roƙo. In sun yi maka barka ka ce na gode, kada ka ƙara ko kalma ɗaya.

Allah ya yafe mana mu biyun.
Matarka, Ruƙaya.