Ƙahon Barau

Gumel,
9 ga Mayu, 1977

Yaya Haladu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Kande da yara da mutanen Maigatari baki ɗaya. Yaya zafi? Allah Ya sauko mana da damina lafiya.

Bayan haka, raina a ɓace yake. Jiya Kawu Dogo ya kawo mini Inna, da ƙyar na gane ta. Tafin hannunta fari fat, daga gado zuwa bakin ƙofa sai ta huta. Ta ce ka kai takardar gwajin jininta wurin wani mai sayar da magani a tasha, ya ce jinin ya yi ƙasa, kai kuma ka dawo ka gaya mata ciwon dajin ne ya dawo yana shanye shi.

Yaya, yaushe ka zama likita? Matar da aka yanke wa nono shekara uku da suka wuce, ta daure ta tashi, ga ciwon suga ga hawan jini, ita ka yi wa wannan albishir? Yanzu ta raba awakinta, ta daina cin tuwo, wai kada ta ɓata hatsin masu sauran kwana.

Na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, jibi zan kai ta Kano wurin likitan da ya yi mata aiki.

Ƙanwarka,
Safara'u

Kano,
16 ga Mayu, 1977

Yaya Haladu,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan kowa lafiya. Mu dai muna asibiti, an ba Inna gado.

Likita ya bi takardar gwajin layi-layi tare da ni. Suga da dama-dama, ƙoda lafiya lau. Ya duba wurin aikin, an ɗauki hoton ƙirji, bai ga alamar daji ba. Na yi kuka don murna. Amma jinin ya yi ƙasa sosai, ya rasa inda yake tafiya, sai da nas ta zo canja mata riga. Yaya, bayan Inna da ƙeyarta duk tsaga ne, tsofaffi da sababbi.

Da na matsa mata ta faɗi gaskiya. Tun Babbar Salla, kowace Juma'a kana kiran Barau wanzami ya kafa mata ƙaho, wai tunda an ce jininta ya hau, to yawa ya yi, a rage. Wata biyar! Hawan jini ba yawan jini ba ne, ƙarfin da yake bi da shi ta jijiya ne. Da ka rubuto mini layi ɗaya ka tambaya, da na gaya maka. Kai ka sa aka kwashe jinin, kai kuma ka ɗora wa daji laifi.

Likita ya ce zuciyarta ba za ta jure ba sai an ƙara mata jini kwalba biyu cikin makon nan. An gwada nawa, bai dace da nata ba. Ranar Alhamis ka shiga motar 'yan kasuwa ka zo a gwada naka. Kada ka aiko da gero, kada ka turo Kawu, hannunka ake nema.

Inna ta roƙe ni kada in rubuta maka zancen ƙahon, wai kada ka ji kunya. Ni so nake ka ji.

Wassalam. Ƙanwarka,
Safara'u