Fuskar Goggo Kande

Kagarawal, Gombe,
9 ga Maris.

Dadata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar? Ya Dukku da zafin bana? Yaya Hamman, na san kai ke karanta mata, don Allah kar ka tsallake layi yadda ka saba.

Dada, aikin nan da na cika ki da labarinsa ya fito. Wani littafin yara ne na Turanci da aka gina a kan tatsuniyoyin Girkawan da. Kamfanin da ya ɗauke ni ya sa na mayar da shi zane, kowane shafi hotuna da 'yan maganganu cikin Hausa, kuma suka ce fuskokin mutanenmu suke so. Har an raba shi a makarantun nan kusa da mu.

A ciki akwai wata mata da aka tsine wa, gashinta ya koma macizai, duk wanda ya haɗa ido da ita sai ya sandare ya zama dutse. Labarin ya ce kafin tsinuwar ba wadda ta kai ta kyau. Ni kuwa da aka ce kyau, wallahi ba wadda ta faɗo mini sai ƙawarki Goggo Kande mai kitso. Na sa mata wushiryarta da billen kumatunta, har da yadda take karkata kai in tana tsaga. Ban tambaye ta ba, wai ni mai ba da mamaki.

Da na kai mata ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe haka nake kallonta, 'yar banza. Sai dai da zan fito na tarar da yara a ƙofar gidan riƙe da littafin a buɗe, suna leƙe. Ba wanda ke dariya a cikinsu. Abin ya tsaya mini a rai.

A gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Hikima.

Kagarawal,
27 ga Maris.

Dada,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ni dai lafiyar jiki kawai gare ni.

Da farko wasa ne. In Goggo ta fito sayen gawayi sai yara su rufe ido su watse. Ni ma na ɗauka kwana biyu za su manta. To ranar Alhamis ta yi wa Uwa, 'yar Mu'azzam mai walda, kitso. Asabar yarinyar ta kwanta da zazzaɓi, Lahadi wuyanta ya ƙage, ko juya shi ba ta iya yi. Likita ya faɗa ƙarara cewa sanƙarau ne, kuma ba ita kaɗai ba ce a garin nan da wannan zafin. Amma wa ya tsaya jin likita? Littafina aka ɗauko. Yanzu manya ke yawo da shi, ana buɗe shafin ana nuna wa juna.

Kwana biyar ke nan ba wadda ta sa ƙafa a gidanta don kitso, matar da ta shekara talatin tana yi wa amaren unguwar nan. Jiya da rana tsaka aka yi ta jifan rufinta. Kalmar da suke kiranta da ita ma, Dada, hannuna ya ƙi rubutawa, kin dai gane. Tsoro nake ji, kuma ni na jawo mata.

Ku sa mu a addu'a.

Hikima.

Kagarawal,
2 ga Afrilu.

Dadata,

Ina gaisuwa, ya jikin naki? Ki yi haƙuri da rubutun nan, a tsaye nake yin sa.

Uwa ta rasu jiya da safe. Allah ya jiƙanta.

Tun kafin nan na kwashi takardun gwajin zanena na tafi gaban mai unguwa, dattawa na zaune. Na nuna musu komai tun daga layin farko. Na ce labarin ya girmi kakanninmu, daga wata ƙasa ya zo, ni na zaɓi fuskar Goggo da kaina saboda ƙauna. Sun saurare ni tsaf. Sai wani tsoho ya tambaye ni me ya sa duk matan Gombe hannuna bai faɗa kan kowa ba sai ita. Mu'azzam ya ce ai ba laifina ba ne, nuna mini aka yi. Aka hau gyaɗa kai, wasu har da sa mini albarka. Dada, wanke ta na je yi, na dawo a matsayin babbar shaidarsu.

Mai unguwa ya tsawatar, amma bayan rasuwar da bakinsa ya ce mini ba zai iya riƙe mutane ba in an tashi daga sadakar uku. Jibi ke nan. Yaya Hamman, ka nemo mota ka zo gobe ka ɗauki Goggo, ka shigo ta lungun baya. Dada, ki aiko da saƙo da bakinki, don ta ce ba inda za ta sai ke kika kira ta.

Ɗazu na shiga wurinta. Na same ta a zaune, ta ja mayafi har goshi. Na durƙusa na roƙi gafara, ta ce ba ta riƙe ni da komai ba. Can sai ta tambaye ni a hankali, wai in faɗa mata tsakanina da Allah ko na ga wani abu a fuskarta ne lokacin da nake zanen, don ta ji ana cewa wasu suna da abin ba su sani ba. Na rantse mata har sau uku ban ga komai ba sai kyau. Har na fito ba ta ɗago ta dube ni ba, wai kar wani abu ya same ni.

Don Allah kar ku kai jibi.

Taki mai neman gafara,
Hikima.