Rafin da Yaya Japhet Ke Wanke Tankin Feshi

Zuru.

Zuwa ga maigidana Kefas,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a bakin daga. Mama tana gaishe ka. 'Yarmu Goodness ta fara cin tuwo, sai dai har yanzu ƙafafunta ba su da ƙarfi.

Saƙonka ya iso, wai in bar wasan kwaikwayo domin ina zubar da mutuncin gidanku. Baban Goodness, raina ya ɓaci. Yayanka Japhet ya kira ka ya faɗi nasa, kai kuma ka yanke hukunci ba ka tambaye ni ba.

To, ga nawa. Tun da famfon unguwa ya lalace, ruwan rafi muke ɗiba. A can sama da mashayarmu Yaya Japhet ke wanke tankin feshinsa, ya juye ragowar maganin ƙwari a ruwa, har yaransa su kwashe kifin da ya taso. Na roƙe shi, Leah matarsa ta roƙe shi, ya ce ruwa mai tafiya ba ya riƙe dafi. Ni na goya 'yarka zuwa asibiti tana amai, kumfa a bakinta. Mubarak, ɗan maƙwabciyarmu Basira, a gadon da ke kusa da namu ya cika. Ba ka ga wannan ba, ni na gani.

Shi ya sa muka haɗu, matan zumunta na coci da su Basira, muka shirya wasa da Hausa da yarenmu C'lela. Lukuman mai zanen motoci ya zana mana uwa da tulu a bangon hanyar rafi. Ranar kasuwa na sa wando da hula, na goya jarka, na fito a matsayin mai feshi. Ban ambaci sunan kowa ba. Jama'a ne da kansu suka ɗauki ihu suna kiran sunan yayanka. Washegari aka wayi gari an shafe zanen Lukuman da baƙin mai.

Wanne ne zubar da mutunci, wasana ko gawar yaro? Ka ba ni amsa.

Matarka,
Theresa

Zuru.

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya tsare ka. Mu muna lafiya, Goodness ta koma makaranta.

Shirunka ma amsa ce, na gane. An tara dangi a gidan Mama, aka ce in durƙusa in ba Yaya Japhet haƙuri. Na durƙusa wa Mama domin uwa ce. Shi kuwa na ce masa, “Yaya, ka fara zuwa ka durƙusa wa Basira, sai in biyo bayanka.” Ya ce kada in ƙara taka ƙofar gidansa.

Mai unguwa ya aiko a maimaita wasan a gaban dattawa. Muna cikin gwaji sai ga Leah da tankin feshin mijinta a baya, na gaske. Ta ce, “Theresa, ba ki iya tafiyarsa ba, ba ni hular.” Ita ta fito a mai feshi ranar. Da aka zo wurin da uwa ke ɗaukar ɗanta, Basira da ta fito a uwar ta kasa ci gaba, ta zauna a ƙasa tana kuka, ba wanda ya yi dariya. Nan take mai unguwa ya hana wanke tanki ko zuba magani a rafi, ya sa matasa su riƙa gadi. Lukuman ya sake zanensa, mutanen Dirin Daji ma sun aiko mu je mu yi musu.

Kada ka ɗauka na huce. Sai da yaro ya mutu, mata suka sa wando a kasuwa, sannan maza suka ji. Kai ma da ka san zafin rasa mutum a bakin daga, bayan ɗan'uwanka ka bi.

Yaya Japhet ya kori Leah a ranar. Tana ɗakinmu da 'ya'yanta, kuma za ta zauna har ya zo da kansa ya yi biko. Gidanka ne, shi ya sa nake sanar da kai. Ba izini nake nema ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Theresa