Katin Iri da Munka Shanya a Rana

Zuwa ga mai girma shugaban ƙungiyad da ta raba muna katin karɓar iri,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka, da masanan da sunka haɗa muku tawada, da mai riƙon tocila, da jama'ar Sabon Birni da Isa, manoma da makiyaya, masu gemu da masu jiran shi hito, duk na gaishe ku baki guda, kowa shi ɗebi tashi. Ni na Garba Ɗan Ila, ɗan kabu-kabu kuma manomi a Burkusuma, wanda babur nai bai taɓa faɗuwa ba sai in ƙasa ta matso.

Ranka shi daɗe, ka san shukag gero ta farko ta ƙone bana, ruwa sun ɗauke tun tana ɗan kunne. Kunka zo kunka ba mu kati, kunka ce mu kai shi Sabon Birni mu amshi iri mai saurin nuna. A jikin katin akwai hatimi wanda ido bai gani, sai an haska mai tocila mai shuɗin haske shi yi ja kamar garwashi. Allah shi saka. Ga kukana.

Na ɗaya. Ni ba ni ɓoye abin arziki cikin adaka. Na ɗaure katina a gaban babur na yi yini guda ina yawo da shi. Da na shiga kasuwa sai na ari tocilar wani mai canji, wadda shi ka diba takardun sefa da ita. Na haska nawa, na haska na maƙwabcina Malam Shehu da ke ajiye cikin littahi. Wallahi nawa ya hi nashi ja nesa ba kusa ba. To mi mutum za shi ce? Nan duk abin da ya sha rana ya ƙara haske, sola sunanshi. Na koma gida na shaida ma unguwa kowa shi shanya kati nai bisa rumbu, shi ɗora dutse, shi yi caji. Sunka bi maganata, don ban saba kuskure ba. Mako biyu katunan na shan rana tare da kuɓewa.

Na biyu. Ranar rabo ma'aikacinku ya haska nawa, shiru. Ya haska na Malam Shehu, shiru. Unguwarmu kaf babu mai ko ƙyalli. A gaban jama'a, har da surukina, ya ce jabu munka buga, kuma ni na shugaban 'yan jabu. Na gode da shugabancin, amma ka dibi wasiƙag ga da kyau. Wanda rubutu nai ke tahiya haka kamar sawun kaza, shi za shi buga abin da sai masana ka iya haɗawa?

Na uku. Wani malamin kimiyya da ya yi ritaya a Isa, da na kai mai katin, ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce tawadar ɗigo-ɗigo ne ƙanana, wai kwantam, sun hi ƙura ƙanƙanta. In haske ya taɓa su da farko shina gyara musu jiki su ƙara walƙiya, in ya daɗe kuwa, shi da iska su ci su kamar tsatsa har su mutu. Ya ce an ma rubuta a bayan katin a kiyaye rana. Da Turanci, da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Ranka shi daɗe, ko mutum guda cikinku bai buɗa baki ya faɗa muna da Hausa ba. Kuma wa ya ba ku shawara ku kawo abin da ke tsoron rana ƙasar Gobir cikin shekarar fari? Rana ce kaɗai amfanin da munka samu bana, ko zakka anka ce a hidda mun cika nisabi.

Yanzu ruwa sun dawo, ƙasa na da laima, unguwa guda babu abin shukawa. Malam Shehu na da ɗiya takwas, kuma tun ranar bai amsa gaisuwata ba. In laimag ga ta bushe, ba mu da damana.

Roƙona, ku bar tocilar nan ta huta. Sunayenmu na cikin rajistarku, hakimi ya san huskar kowa. Ku kira mu da suna ku ba mu iri cikin makon ga. In bai isa ba, ku fara da waɗanda na sa sunka shanya, ni za ni tsaya ƙarshen layi. Amma irin shi kai ƙarshen layin.

Allah shi ƙara girma, shi tsare ka da mai ba da shawara irina, shi ba mu damana mai albarka.

Kai kuma mai karatu da ke dariya, dariya ba ta tsira a gona. Auno tiya guda ta irin gero ka ba kowane ɗan kabu-kabu mai zuwa Burkusuma. Ba sai ka rubuta suna ba, ka ce a kai ma Mai Shanya Kati, ko akuya ta san gidan.

Wassalam,
Garba Ɗan Ila, Burkusuma.