Ɓerayen Turai da Hantar Bunkure

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Na dawo daga asibitin ido a Kano. Likitan, yaro ne da na isa in haifa, ya jawo takarda zai zana min ido. Ni! Ni da na tsufa ina zana wa 'yan matan sakandare ido a allo. Na ce ya ajiye biron ya faɗi abin da zai faɗa. Ya ce ƙwayoyin da ke kama haske a tantanin bayan idona ne ke mutuwa, daga gefe suna nufo tsakiya. Shi ya sa da magariba ta yi nake lalube. Gado ne. Babu magani.

"Sai haƙuri, Hajiya."

Ban je Makka ba. Haƙurin kuma bai rubuta min kemis ɗin da ake sayar da shi ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Gwaggo Sa'a ta ji. Ƙanwar babana ce, kuma ita ta haifi mijina, don haka ta kowace ƙofa tana da ikon shigo min. "Dundumi ne kawai, Latifa. Hanta za ki ci, tun kakanninmu haka ake yi." Ta tura mijin nawa, Malam, har Bunkure, ya dawo da hantar akuya a leda yana wani sunkuyar da kai. Malam Garzali da ke tsawata wa Islamiyya guda, amma gaban uwarsa ɗan tsako ne.

Na yi mata bayani. Dundumi iri biyu ne. Akwai na rashin abinci mai gina ido, shi hanta ke korewa. Nawa a jini yake, ko akuyoyin Bunkure duka na cinye ba zai gusa ba.

"Boko ya yi miki yawa," in ji ta.

Hantar kuwa na ba kyanwa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na ƙara girman rubutun waya har kalma uku ke cika ta, na yi ta karatu. Akwai wasu ƙananan sinadarai da jijiyoyi ke fitarwa suna aika wa juna saƙo, niyurofeftayid. A cikin idon ma akwai su. Masu bincike sun ce wasunsu na rage kumburi, suna hana ƙwayar da ta ɗauki hanyar mutuwa ƙarasawa. Ba sa tayar da wadda ta mutu, ta raye suke karewa. An gwada, an ga alamar nasara.

A kan ɓeraye.

Wani ɓera yana can a Turai, cikin ɗaki mai sanyi, ana ɗiga masa abin da nake nema, ana auna ganinsa safe da yamma. Ni kuwa da gefen idona ban ga buhun shinkafar da aka jingine a zaure ba, har yanzu gwiwata zafi take.

Na karanta wa Malam. Ya ce, "To alhamdulillahi, Malama, ashe abin yana hanya." Yana hanya! Ruwan kanal na noman rani ma kullum yana hanya, amma kafin ya iso gonarmu ta can ƙarshe, na gaba sun sha sun ƙoshi, albasarmu ta kwanta.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Hanta kuma. Duk garin Kura babu kyanwar da ta kai ta gidan nan ƙiba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

'Yata Rumaisa ta shigo jiƙe sharkaf har ƙugu, tana dariya. Wai suna dawowa daga Islamiyya da magariba ta zurma ƙaramin kanal na bayan layinmu. Hanyar da take bi tun tana rarrafe.

Na ja ta ɗaki. "Ba ki ga bakinsa ba?"

"Umma, ai in rana ta faɗi hijabin ƙawata Nafisat nake riƙewa. Yau ba ta je ba."

Ta faɗa kamar labarin wata. Nima ina kamarta na fara riƙe mayafin mutane.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ni da Malam kakanmu ɗaya. Na san abin da wannan ke nufi, darasin gado ne, ni ke koyar da shi a aji. Ya buɗe baki zai ce ƙaddara, na ce in ya ƙarasa zan fasa tulun nan. Ya kira asibiti. Sai wata mai zuwa za su duba ta.

Na koma kan waya. Ni kam ta ƙare min. Amma ita ƙwayoyinta da sauransu. Ku yi sauri da ɓerayen nan, don girman Allah.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na je wurin mahauci da kaina, da rana tsaka, na sayo hanta. Ba wai na yarda ba ne. Yarinyar ba ta cin ganye, ba ta son manja, karas ma sai an yi faɗa. Yana yiwuwa nata dundumin ɗayan irin ne, na rashin abinci. A littafi ma haka yake.

Ina cikin suya Gwaggo ta shigo, ta shaƙi ƙamshi, ta dube ni. Na ce, "Gwaggo, ko kalma ɗaya." Ta jawo kujera ta hau yanka min albasa.

Rumaisa ta ce akwai ɗaci. Na ce ta cinye.

Kyanwa ta yi ta kuka a bakin ƙofa. Ko yanki ban ba ta ba.