Zaren Rumaisa

Litinin, 14 Oktoba 2024
Rumaisa ta sake yin barci a aji. Da na tashe ta, kallabinta ya zame, na ga bayan wuyanta baƙi ƙirin. Ta ce kakarta na dirje shi da soso kullum, ba ya fita. Shekararta goma sha uku. Ita ce ta fi kowa lissafi cikin ɗalibaina.

Alhamis, 17 Oktoba
Na kai ta likita da yardar kakar. Fannami, ma'aikacin jinya, ya ce baƙin ba dauɗa ba ne, alama ce jiki ya fara kasawa da sukari. Ya yanko zare daidai tsawonta, ya ninka biyu, ya zagaya cikinta. Bai haɗu ba, saura yatsa huɗu. Ya ce kitsen ciki ya fi na ko'ina haɗari. Sukarin jininta yana bakin iyaka. In ba a canza ba, ciwon sukari zai kama ta tun ba ta gama lakwal, wato makaranta, ba.
Na taho da zaren cikin jakata.

Juma'a, 25 Oktoba
Gidansu. Kakar, Ya Yagana, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ciro wani tsohon ma'aunin dantse daga jikin ƙusa, irin mai ja da rawaya da kore da aka raba wa uwaye lokacin gudun hijira. Duk Juma'a tana gwada yarinyar da shi. "Madam, duba. Kore ma ta wuce shi." Na ce na ƴan ƙasa da shekara biyar ne. Ta ce, "Ke da kika yi boko, kin taɓa ganin ja?"
Fanke shida aka ajiye wa Rumaisa, da shayi mai madarar gwangwani. A gabana.

Asabar, 2 Nuwamba
Na koma da zane-zane, na yi bayani awa guda kamar ina gaban allo. Ba ta ko ba ni tabarma ba.

Laraba, 6 Nuwamba
Rumaisa ba ta zo ba, kwana uku. An ce kakar ta hana, wai lakwal za ta ramar da ita. Ni na jawo. Ya Allah, ban san ta inda zan ɓullo ba.
Kuma yau na buɗe durowata na ga alewar da nake ba duk wanda ya ci lissafi. Wa ya fi cinta tun bara?

Lahadi, 10 Nuwamba
Na je hannu wofi, na zauna ina taya ta cire hancin tattasai. Can ta ce Rumaisa tagwaye ce. Da suka gudo daga Tumur, su biyu ma'aunin ya nuna ja. Ɗayar, Maimunatu, ba ta kai watan azumi ba. Uwar ta bi ta.
Da zan tafi na ajiye zaren a kan tabarma.

Juma'a, 22 Nuwamba
Rumaisa ta dawo tun Litinin. Ta ce yanzu da la'asar tana raka kakar lambu a ƙafa, fanke ya koma biyu, kuma tsohuwa na mita duk hanya. Na leƙa gidan. Zaren yana rataye a ƙusa ɗaya da ma'aunin. Ya Yagana ta gwada dantse tukuna, ta ga kore, sannan ta ɗauko zaren. Saura yatsa huɗu har yanzu.
Ta miƙo mini ma'aunin in riƙe mata. Na riƙe. Ban ce na ƙananan yara ne ba.